Ɗamarar Baba da Tsinken Kurkunu

Da sunan Allah nake farawa. Kai ɗan fari ne, ba ni iya kiran sunanka gaban mutane, ba ni iya ɗaukarka in yi maka wasa sai a ce ba ni da kunya. To, takarda ba ta san kunya ba! Yau kwananka arba'in a duniya, ni kuwa damina uku ke nan da na iya haɗa baƙaƙen boko, kuma ba lakkol, makarantar Nasara, na shiga ba, a ƙasa na koya da ɗan yatsa. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, iyawar ubanka ke nan. Abin da ya zaunar da ni shi ne, in ka girma a Filinge za ka ji ana cewa, ai Arzika ɗan Nomau a da ƙaƙƙarfa ne, wani baƙo mai addinin Nasara ya shanye mishi ƙarfi. Ina so ka ji zancen daga wurina kafin ka tsince shi a bakin rijiya.

Sai ka fara sanin kakanka Nomau. Kafin Nasara su shigo ƙasar Kurfai, yana cikin mazan da ke fita in mahara sunka taso daga arewa. Maharbi ne, shi ke feƙe kibiyoyinsa da kansa, kuma har yau tsofaffi na cewa kibiyar Nomau ko a cikin ɗari ana gane ta. Da Nasara sunka zo sunka hana yaƙi, sai ƙarfin maza ya koma fagen kokowa, nan kaɗai ya rage a nuna wane ne wane. Baba yana da wata ɗamara ta jar fata mai layu bakwai, da ita yake fita yaƙi. Ranar da na kayar da wani ƙato ɗan Tondikandiya gaban jama'a, a nan cikin fage Baba ya kwance ta ya ɗaura mini, ya ce:

"Ɗan Kurfai gwiwatai ba ta taɓa ƙasa sai ga Allah. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Wallahi ranar ji nake in na taka ƙasa tana lotsawa.

A gidanmu kuma akwai Barka. Tun yana saurayi Baba ya kamo shi a yaƙi. Da Nasara sunka ce babu sauran bauta, ya duba gabas ya duba yamma, bai san hanyar garinsu ba, sai ya zauna. Bukkarsa tana bayan turken awaki. A wuyansa na girma, shi ya koya mini riƙon hauya, amma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Barka tsurarsa, kamar yadda ake kiran sa'a.

Sai Antuwan. Magini ne, daga can ƙasar bakin teku anka kawo shi don ginin bariki. Baƙi ne kamar mu, amma addinin Nasara yake yi, yana da ɗan gicciye na itace a wuya. Siriri, iska mai ƙarfi na iya tafiya da shi, Hausarsa kuma a karkace take kamar layukan ga nawa. Abin da ya fi ba mu dariya, mutum ne mai takalmi da hula, mai aiki a bariki, amma sai ka gan shi yana yin abin da ko yaron gida ba ya yi. Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar ruwa, muna zaune da samari a gindin gawo kusa da rijiya, sai ga shi da tulu a kai, wata tsohuwa mai daddawa tana bin bayansa tana dafe da ƙugu. Namiji da gemu, da tulu! Abokina Tanko ya zungure ni.

"Arzika, ga amaryar bariki ta ɗebo ruwa. Ba ka tashi ka tarbe ta?"

Na tashi. Ban ko gaishe shi ba, na sa hannu na ɗaga shi da tulun da komai, na maka shi cikin lakar wurin da shanu ke shan ruwa. Tulu ya tarwatse, kasuwa ta ɗauki dariya. Na tsaya ina jira ya zage ni, ko ya ruga ya kira gardi, sojan kwamandan bariki, don da ya yi ƙara da na kwana a ɗaure. Sai ya miƙe, ya share lakar ido, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai, ɗan'uwa, Allah ya ba ka ƙarfi. Da dai ka bari na sauke tulun tsohuwa tukuna."

Daga nan ya duƙa yana tsince katangar tulun ɗaya bayan ɗaya, wai kada ta yanke masu tafiya ba takalmi. Washegari anka ga tsohuwar da tulun ɗakinsa. Ni dai na ce matsoraci ne, na manta da shi.

Damina ta faɗi, gero ya tsiro, sai kurkunu ya sauka a unguwarmu. Ina roƙon Allah kada ka san shi sai a labari. Wata tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, tana cikin naman mutum. Sai wuri ya yi bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, ta leƙo da kai. Kowa ya san yadda ake yi da ita. A ɗaura kan a jikin tsinke, kowace safiya a naɗa kaɗan, wata ɗaya, wata biyu, har ta fito duka. Tawa a idon sawun dama ta leƙo. Inna ta fara naɗa mini, kwana huɗu ita ma ya kama ta ƙafa biyu, ta kwanta. Ga ciyawa na cin gona, ga makaɗa sun riga sun baza cewa bayan girbi wani ɗan kokowa na zuwa daga Imanan musamman domina. Na dubi abin nan, ɗan zare, na ce ni da ke ɗaga ƙato sama, wanga ne zai zaunar da ni wata biyu? Na naɗe shi a yatsa na fizga.

Ya tsinke.

Kwana uku ƙafata ta zama turmi. Anka kira wanzami ya yi mini sakiya, ya gasa ƙarfe har ya yi ja ya huda kumburin. Baba yana tsaye a kaina yana cewa kada in kuskura in yi ƙara, ban kuwa yi ba, sai dai na cije leɓe har jini. Sakiya ba ta yi magani ba. Ƙafa ta fara wari, wasu kawuna biyu sunka sake leƙowa, ɗaya a ƙwauri ɗaya a dunduniya. Ina kwance na ji wanzami a bayan zana yana gaya wa Baba a hankali cewa in baƙin da ƙafar ke yi ya haura gwiwa sai dai addu'a. Abokaina, masu ɗaukata a kafaɗa, daga ƙofa suke jefo gaisuwa, hannu a hanci. Tanko ya zo sau biyu, bai ƙara ba. Gona kuwa ta koma wuyan Barka, shi da Baba da tsufansa.

Wata safiya rana ba ta gama fitowa ba, na ji sallama da karkatacciyar Hausa. Antuwan ne, da ƙwarya a hannu, da farin tsumma, da ƙullin gishiri. Baba ya tare ƙofa.

"Mi kaka nema gidan ga?"

"Baba, na ji labarin ƙafar Arzika. A ƙasarmu kurkunu ya fi nan yawa. Duba," ya ɗage wando ya nuna tabo har biyar. "Uwata ta koya mini aikinsa."

"Ka san ko wane ne ya jefa ka cikin laka?"

"Na sani, Baba. Hannunsa ne ya jefa ni. Ni ƙafa na zo dubawa."

Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya, ita da ban taɓa jin ta katse Baba ba.

"Maigida, bar shi shi shigo. Girman kai bai taɓa warkar da ƙafa ba."

Ya shigo. Na nuna mishi kujera, bai ko dube ta ba. Ya tuɓe takalmi ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗauki ƙafar nan da ni kaina ba ni son kallo, ya ɗora a cinyarsa. Na ce a raina, yau ranar ramuwa ce, yanzu zai matse ta in yi ƙarar da ban yi wa wanzami ba. Na damƙe tabarma ina jira. Sai na ji ruwan ɗumi. Ya wanke ta da ruwan da ya tafasa da gishiri, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka, ko fuska bai yamutsa ba. Ya ɗaura kawunan biyu a tsinke, ya naɗa sau ɗaya, ya tsaya.

Na ce, "Ja mana!"

Ya ce, "Ai ka ja, mun ga abin da ya biyo. Ita ke cewa ya isa, ba kai ba. In ka ji ta ƙi, ka bar ta sai gobe."

Haka kullum, kafin a busa ƙahon bariki yana ƙofarmu. In ya gama da ni ya wuce wurin Inna. Shi ya ce mana daga ruwan tafki abin yake, wanda ka sha bara shi ke fito maka bana, mu riƙa tacewa da ƙyalle. Kuma da yake sai ƙafa ta jiƙa cikin ruwa kafin tsutsar ta yarda, a zaman jiran nan ya fara zana mini baƙaƙe a ƙasa don kada in dame shi da ƙorafi. Ranar da na rubuta Arzika da yatsana, ihun da na yi har awaki sunka firgita! Na hana kowa share wurin kwana uku.

Wata safiya ya duƙa, rigarsa ta zame, sai na ga shatar bulala uku a bayansa, sababbi, har ɗaya ta fashe. Na matsa mishi da tambaya. Da ƙyar ya ce jiya ƙaho ya busa yana nan, tsutsar Inna ta kusa fita bai iya sakinta ba, mai tsaron ma'aikata kuwa ba ya jin uzuri. Jinina ya tafasa.

"Gaya mini sunansa! In na tashi sai na karya shi gida biyu."

Ya yi dariya har da hawaye. "Da wace ƙafar?"

Na ce, "To don Allah gaya mini gaskiya. Na kunyata ka gaban kasuwa. Ba danginka ba ne ni, ba addininmu ɗaya ba. Mi ya kawo ka?"

Ya ci gaba da wanki, bai ɗago ba. Ya ce Ubangidansa Almasihu, daren da ya san za a kama shi a kashe, ya tashi daga wurin cin abinci, ya ɗaura zane a ƙugu kamar bara, ya ɗauki ruwa ya bi almajiransa yana wanke musu ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce har da wanda zai bashe shi ga maƙiya.

Na ce, "Ya san shi ne?"

"Ya sani sarai."

"Kuma yana da ikon kayar da shi?"

"Da shi da duk masu zuwa kama shi."

"Amma ya wanke mishi ƙafa?"

"Har tsakanin yatsu," in ji Antuwan. "To in Ubangidana ya zauna a ƙasa, ni magini ina zan hau? Kai ka san kokowa, Arzika. Mai tsoron gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ai don ya san in ta taɓa ya faɗi ke nan. Shi kuwa babu mai iya kayar da shi, shi ya sa ya durƙusa da kansa."

Ya gama naɗi ya tafi bariki. Amma na wuni ina auna abu biyu. Ni na ɗaga mutum mai tulu a kai, wanda bai shirya ba, sau ɗaya, anka yi mini kirari. Shi ya sha bulala jiya, ya san yana iya sake sha yau, ga shi zaune da ruɓaɓɓiyar ƙafata a cinya. Na tambayi kaina, cikin biyun wanne zan iya? Na farko ko yanzu. Na biyu kuwa, wallahi na san ba ni iyawa. Tun ranar na daina ce mishi matsoraci ko a zuci. Kuma ka sani, bai taɓa ce mini in bar sallata ba. Ni ina fuskantar gabas, shi yana taɓa goshi da ƙirji kafin ya kama ƙafa, kowa da abin da ya riƙe.

Baƙin bai haura gwiwa ba. Tsutsa biyu sunka fito ɗungum, kowace ta fi tsawon hannuna, kumburi ya sace, na fara takawa da sanda. Sai anka kwashe magina zuwa wani gini can gabas, kwana da kwanaki. Antuwan ya zo sallama, ya aje mini ƙwaryar da tsumman, ya ce ko za su yi amfani.

Bai yi kwana goma da tafiya ba Barka ya faɗi. Shi da ya riƙe gonar nan duk damina, kurkunu ya fito mishi a tafin ƙafa da gwiwa. Inna ba ta miƙe ba tukuna. Yana kwance bayan turke, ƙudaje sun rufe shi, yana ƙoƙarin naɗawa da kansa. Ba zan ɓoye maka ba, kwana uku ina wuce shi, in ce sannu Barka, in kau da kai. Na san abin da ya kamata, na kuma san abin da zai ci mini. A rana ta huɗu na tafasa ruwa, na ɗauki ƙwarya. Da ya ga na nufo shi na tuɓe takalmi, ya fara ja da baya.

"A'a, ɗan maigida, rufa mini asiri! Kada ka ja mini abin da ya fi kurkunu."

Na zauna a ƙasa na ce, "Kawo ƙafar, Baba Barka."

Ya zuba mini ido, don bai taɓa jin wannan suna a gidan ba. Na wanke, na ɗaura kan tsutsa, ina cikin naɗi sai inuwa ta rufe mu. Baba ne.

"Tashi."

"Baba, in na tashi ƙafar ga ta ruɓe awa tawa."

"Ɗan Nomau, gwiwa ƙasa gaban bawa? Da ɗamarata a ƙugunka?"

"Baba, shi ya nome geron da za mu ci bana."

Ya miƙo hannu. "Kwance mini abina."

Yatsuna na kan tsinke. Na ce, "Baba, don Allah ɗan jira in ƙare, in na saki yanzu ta tsinke." Ka san wani abu? Ya jira. Yana tsaye, hannu a miƙe, yana huci, har na gama na ɗaure da tsumma. Sannan na kwance ɗamara na ba shi da hannu biyu, ya juya ya tafi.

Abin ya ci mini, kada wani ya ce maka bai ci ba. Girbi ya zo, ɗan Imanan ya zo, makaɗa sunka kira Tanko a madadina, ni ina gida ina jin ganga kamar a ƙirjina ake bugawa. 'Yan mata sunka sa ni a waƙa, wai Arzika mai wankin ƙafa, ya saida fage ya sayi ƙwarya. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Baba. Tun daga ranar bai sake yi mini magana ba. In na gaishe shi ya dubi bango, in yana son a ɗaure jaki sai ya gaya wa Inna ta gaya mini. Rani guda cur muna gida ɗaya. Sau nawa na yi niyyar in je in faɗi in ce na tuba, sai in hangi Baba Barka yana tafiya da ƙafarsa zuwa rijiya, in rasa abin da zan ce na tuba daga gare shi.

Da wata daminar ta zagayo, kurkunu ya dawo. Wata mata ta kawo ɗanta ta ce an ce na iya. Sai wani tsoho. Kafin gero ya kai gwiwa, kowace safiya akwai mutane zaune a ƙofarmu, ƙafafu a miƙe. Har da ƙanen uwarka, a nan uwar taka ta fara ganina, tana riƙe mini ƙwarya. Har da Tanko! Ya zo yana ɗingishi yana sunkuyar da kai, na ce mishi, zauna, amaryar bariki ta tafasa ruwa. Munka yi dariya har ya manta da zafi. Damuwata ɗaya tsinke. Da silin karan gero nake yi, ga kaushi ga saurin karyewa, har sau biyu tsutsa ta kusa katsewa a hannuna.

Wata safiya na fito da ƙwarya, sai na ga ƙullin tsinkaye a bakin ƙofata. Na itacen geza ne, an feƙe su sumul, kowane da 'yar tsaga a kai inda za a maƙala kan tsutsa. Na juya ɗaya a hannu. Tsagar nan irin ta gindin kibiya ce, kuma mutum ɗaya ne a Filinge ke yanka ta haka. Na same shi a gindin bedi da wuƙa a hannu, ɓawon itace a cinya. Na durƙusa.

"Baba, na ga tsinkaye."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Naka kaushi gare su. Ina kallonka, saura kaɗan ka katse ta ɗiyar Mamman. Abin kunya ne ɗan Nomau shi yi aiki da kayan banza."

Maganar farko ke nan bayan wata tara. Na tashi da sauri na koma wurin masu jira, don kada ya ga idona.

Da Antuwan ya aiko gaisuwa ta bakin wani mai jakai, na zauna kwana biyu na haɗa mishi takarda, ita ce ta farko a rayuwata. Na ce ƙafa tana nan, ƙwarya tana aiki, an samu sabon mai feƙe tsinke.

Kokowa ban koma ba, ƙafar ba ta ɗaukar ƙato yanzu, kuma ban nemi ɗamara ba. Amma ranar sunanka, bayan an watse, kakanka ya shigo yana dogara sanda, Baba Barka na biye da shi. Ya ciro ɗamarar daga cikin riga ya rataye ta a bango, daidai saman inda kake kwance. Sai ya laluba aljihu ya ciro tsinke ɗaya, ya soke shi tsakanin layu. Ya daɗe yana kallonka, sannan ya ce mini:

"In ya yi wayo ka gaya mishi, duka biyun na gidanmu ne."

To, na gaya maka.